Zafin bazara da jikin ɗan kasuwa: bincike ya yi nisa, karatun ƴaƴanmu yana baya

A farkon watan Afrilu na shekara ta 2024, babban asibitin Gabriel Touré da ke birnin Bamako ya bada sanarwar cewa mutum 102 suka rasu a wurinsa cikin kwana huɗu kacal, daga ranar 1 zuwa ranar 4 ga wata. A shekarar da ta gabaci wannan, watan Afrilu ɗungurungum mutum 130 ne asibitin ya ƙidaya. Wajen rabin mamatan sun haura shekara 60 da haihuwa, kuma likitocin wurin sun ce zafi yana da hannu a mutuwar da yawa daga cikinsu. A ranar 3 ga watan, ma'aunin zafi a garin Kayes ya kai digiri 48 da rabi. Wannan ƙuna ba ta tsaya ƙasar Mali ba, ta game Burkina Faso da Nijar da Cadi da arewacin Najeriya, ta kuma faɗo cikin watan azumi, ga ɗaukewar kuran dare da rana. Wani gungun masana mai suna World Weather Attribution ya yi lissafi, ya ce canjin yanayi ya ƙara wa zafin ranar wajen digiri ɗaya da rabi a Mali da Burkina, na dare kuwa wajen digiri biyu.

Mu ma nan mun sha namu, kowa shaida ne. Sai dai wanda zafi ya kashe da wuya a kama sunan zafi a kansa. Sai a ce hawan jini ne, ko masassara ce, ko kuwa tsufa ne, a yi addu'a a watse.

Akwai wani fannin ilimi da ake kira fiziyoloji, wato ilimin yadda jiki yake aiki: abin da zuciya take yi, da ƙoda, da fata, da jini, tun kafin cuta ta shigo. A ƴan shekarun nan masana wannan fanni sun duƙufa kan maganar zafi, kuma abin da suka gano ya fi shafar mai tuyar ƙosai da ɗan dako da ɗan kabu-kabu bisa ga wanda yake zaune cikin ofis mai sanyi. Abin takaici shi ne labarin bai iso kasuwa ba, bai ma iso ajin da ƴaƴanmu suke karatun jikin ɗan Adam ba.

Bari mu fara daga randa, tunda kowace mace ta san ta. Ruwan randa yana yin sanyi ne saboda randar tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, bushewar nan ta tafi da zafin da ke ciki. In aka shafe randa da fenti, ko aka aje ta inda iska ba ta ratsawa, ruwan ba ya sanyi. To jikin mutum haka yake. Cikin jiki yana zaune wajen digiri 37, fata kuwa wajen 33 zuwa 35. Muddin iska ta fi fata sanyi, tana ɗebe zafin jiki. Da zarar iska ta wuce digiri 35, wanda a Maraɗi da Tawa da Damagaram abin kullum ne daga Maris zuwa Yuni, sai ta koma tana ɗora wa jiki zafi. Daga nan hanya ɗaya ta rage: zufa, kuma zufar da ta bushe bisa fata. Wadda ta ɗiga ƙasa ko aka share da gefen zane ta tafi a banza. Mai aikin ƙarfi cikin rana yana iya zubar da lita ɗaya ta zufa cikin awa guda, wani ma ya fi.

Zuciya ce take biyan kuɗin wannan aiki. Mutum yana zaune, zuciyarsa tana tura wajen lita biyar na jini cikin minti ɗaya. In zafi ya tsananta, sai jijiyoyin fata su buɗe don a kawo zafin ciki waje, kuma fata kaɗai tana iya neman lita bakwai a minti. Ga shi zufa tana rage ruwan jinin. Ke nan zuciya za ta ƙara gudu da ƙarancin abin turawa. Shi ya sa yawancin waɗanda zafi yake kashewa ba faɗuwa suke yi tsakiyar rana ba. Tsofaffi ne da masu ciwon zuciya da hawan jini, su kwanta a ɗakin kwano da ya wuni yana shan rana, dare ya yi jiki bai huce ba, kwana biyu, kwana uku, zuciya ta gaji. Tsoho ba ya zufa kamar yaro, kuma ƙishirwa ba ta saurin sanar da shi, don haka in ana jiran ya roƙi ruwa an makara.

Shekara da shekaru an ɗauka an san iyakar abin da jiki yake iya ɗauka. A shekara ta 2010 wasu masana biyu, Sherwood da Huber, suka yi lissafi bisa takarda suka ce iyakar ita ce digiri 35 in iska ta cika maƙil da laima, yadda zufa ba ta bushewa sam. Aka riƙe wannan adadi ana ta maimaitawa. Sai a jami'ar jihar Pensilbaniya ta Amurka, Farfesa Larry Kenney da abokan aikinsa suka ce a gwada a gani. Suka sa samari da ƴan mata masu ƙoshin lafiya suka haɗiye wata ƴar ƙwaya mai auna zafin ciki, suka shigar da su wani ɗaki da ake ƙara wa zafi da laima sannu a hankali, suna ɗan motsi kaɗan kamar na aikin gida. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna jiki yana fara kasawa tun wajen digiri 31 in laima ta cika, wanda ya yi daidai da digiri 38 in laimar ta kai kashi 60 cikin 100. Waɗannan fa matasa ne, cikin inuwa, ba kaya bisa kai.

Abin da wannan yake nufi gare mu shi ne, ranar da ta fi haɗari ba lalle ba ne ta zama ranar da ma'auni ya fi hawa. Watan Afrilu iskarmu busasshiya ce, zufa tana bushewa nan take, in dai akwai ruwan sha jiki yana ƙoƙari. Amma ƙarshen Mayu da farkon Yuni, sa'ad da iskar damina ta fara hawowa daga kudu, hadari yana haɗuwa yana watsewa, ruwa bai sauka ba, rana kuma ba ta sassauta ba, lokacin ne riga take manne wa jiki, randar jiki ta daina sanyaya. Iyayenmu sun daɗe da sanin wannan gumi na goshin damina, yanzu ga masana sun sa masa lamba.

Za a ce ai mu mun saba da zafi. Akwai gaskiya a ciki. Jiki yana sabawa cikin mako ɗaya zuwa biyu: ya riƙa fara zufa da wuri, ya ƙara ruwan jini, ya rage gishirin da yake zubarwa. Amma sabo yana da iyaka, kuma bai mayar da tsohuwa budurwa, bai warkar da ciwon suga.

Maganar fanka kuwa za ta ba mutane da yawa mamaki. A jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya, Farfesa Ollie Jay da mutanensa sun nuna a 2019 cewa a digiri 40 mai laima fanka tana taimako, amma a digiri 47 na busasshiyar iska tana ƙara wa jiki zafi, ta ƙara wa zuciya wahala. A 2024 suka sake gwaji tare da cibiyar ciwon zuciya ta birnin Montreyal, wannan karo da tsofaffi. A digiri 45 cikin busasshiyar iska, irin tamu ta Afrilu ke nan, fanka ta ninka ƙarin wahalar zuciya har sau uku, alhali jiƙa fata da ruwa ya rage ta. Dalilin a fili yake: wanda ya hura iskar da ta fi fatarsa zafi kamar mai fifita wuta ne. Ƙungiyar lafiya ta duniya OMS tana bada shawarar a yi amfani da fanka in zafi bai kai digiri 40 ba. Saboda haka ɗan da ya sayo wa tsohuwarsa fanka ya yi abin kirki, amma da tsakar ranar Afrilu jiƙaƙƙen zane da kwanon ruwa kusa da ita sun fi fankar amfani.

Binciken da ya fi kusa da mu an yi shi ne a Gambiya. Likita Ana Bonell ta cibiyar bincike ta MRC ta bi mata 92 masu juna biyu har gonakinsu a yankin Kiyang ta yamma, tana auna su, tana auna bugun zuciyar ɗan da ke ciki da yadda jini yake isa gare shi. Abin da ta wallafa a ƙarshen 2022 ya nuna cewa a kashi ɗaya cikin uku na ziyarce-ziyarcen an ga alamar ɗan tayi yana shan wahala, kuma duk digiri ɗaya da nauyin zafi ya ƙaru, wannan alama tana ƙaruwa da kashi 17 cikin 100. Waɗannan mata manoma ne da suka tashi cikin rana tun suna yara, ba baƙi ba ne. To sai mu dubi namu. Mace da cikin wata bakwai, gaban kaskon ƙosai ko awara ko fanke, wuta a gaba, kwano a sama, goyo a baya. Babu wanda zai ce mata ta bar sana'a, da ita ake ci a gida. Amma canjin hannu na rabin awa da wata ƴar'uwa, da matsar da murhu inda iska take ratsawa, da shan ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba, abubuwa ne da ake iyawa. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono za a ƙara masa, kada a ba shi ruwa, ko da kakarsa ta matsa.

Sai ƙoda. A ƙasashen Nikaraguwa da Salbado, dubban masu yankan rake, majiya ƙarfi da ba su da suga ba su da hawan jini, sun mutu da ciwon ƙoda, har wata unguwa kusa da garin Cicigalpa aka laƙaba mata sunan tsibirin zawarawa. Masana sun yi ta gardama, wasu suna zargin maganin feshi, amma awon da aka yi wa leburori safe da yamma ya nuna aikin ƙarfi cikin zafi yana yi wa ƙoda ƙananan raunuka kullum, har su taru su zama babba. Da aka sa musu dokar hutu cikin inuwa da shan ruwa a kan kari, raunin ya ragu ƙwarai. Duk wanda ya ga masu sauke buhunan siminti a Katako, ko ƴan dakon albasa a Galmi, zai gane inda muka nufa. Mu ƙara da abin da kunya take hana faɗi: mata da yawa suna rage shan ruwa da gangan a kasuwa don babu makewayi mai tsabta da za su shiga. Fitsarin da ya yi ja ya kuma ragu, ƙoda ce take kuka. Kowa kuwa ya san abin da wankin ƙoda yake yi wa jarin ɗan kasuwa.

Masu sayar da barkono ma suna da rabo a wannan ilimi. Kyautar Nobel ta fannin fiziyoloji da likitanci ta 2021 ta je hannun David Julius da Ardem Patapoutian, kuma Julius da sinadarin barkono ya yi aikinsa. Ya gano cewa ƴar ƙofar da ke jikin jijiya mai jin yaji, ita ce dai take buɗewa in zafi ya kai wajen digiri 43. Wato Bahaushe da ya ce barkono yana da zafi bai yi kuskure ba, jiki da ƙofa ɗaya yake jin su. Akwai wata ƙofar ta jin sanyi, wadda man shafawa irin su Robb yake buɗewa, shi ya sa mutum yake jin sanyi-sanyi alhali zafin jikinsa bai ragu ko kaɗan ba. Wannan ya kawo mu ga kuskuren da yake iya cin rai. Wanda rana ta buga, jikinsa ya haura digiri 40, ya fara sambatu ko ya suma, ba masassara yake yi ba, kuma parasetamol ba ya yi masa komai. Magani shi ne a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi ana fifita, ana cikin haka a nemi abin hawa zuwa gidan likita. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

To ina ƴaƴanmu suke cikin duk wannan? Suna kwaleji da lise suna karatun SVT. Malami ya zana zuciya da ƙoda bisa allo, su kwafa, su haddace sunayen da Faransanci, su zuba a jarrabawar BEPC ko bak, su manta. Ba laifin malaman ba ne, waɗanda suke fama da aji cike da yara ba kayan gwaji. Yaron da zai iya jera sassan ƙoda ba tuntuɓe, in aka tambaye shi dalilin da ya sa kakarsa ta fi shi shiga haɗari daren Afrilu sai ya yi shiru. Littattafan kansu suna da nasu tarihi. Digiri 37 ɗin nan da kowa ya haddace ya fito ne daga awon da wani likitan Jamus, Wunderlich, ya wallafa a 1868. Binciken jami'ar Sitanfod na 2020 ya nuna matsakaicin zafin jikin Amurkawan yau ya ɗan gaza haka. Akwai kuma wani "mutumin misali" da wata hukumar masana ta duniya ta zayyana a 1975, wanda alƙaluma da yawa suka dogara gare shi: namiji, Bature, mai shekara 20 zuwa 30, mai kilo 70, mazaunin ƙasar da matsakaicin zafinta yake tsakanin digiri 10 da 20. A duba kasuwar Dole daga wannan ƙofa zuwa waccan, ba za a same shi ba.

Hanyar koyarwa ma an yi bincike a kanta. A 2014, Scott Freeman da abokansa suka tattara nazari 225 da aka yi a jami'o'i, suka tarar inda malami yake magana ɗalibai suna rubutu kawai, kashi 34 cikin 100 ne suke faɗuwa, inda ake sa ɗalibai gwaji da muhawara da warware matsala kuwa kashi 22 ne. Kuma darasin zafi yana cikin waɗanda ba su bukatar ɗakin gwaji mai tsada. A ari sikeli wurin mai awon hatsi, a auna yaro kafin wasan ƙwallo da bayansa: kilo ɗayan da ya ɓace lita ɗaya ce ta ruwa. A samo ma'aunin zafi guda biyu, a naɗe bakin ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, a rubuta bambancinsu kullum daga Maris zuwa Yuni, yara su gani da idonsu yadda tazarar take ƙanƙancewa in damina ta kusa. A ƙidaya bugun jijiya cikin inuwar bedi da cikin ajin kwano. Yaron da ya yi wannan da hannunsa, da yamma zai kai labarin rumfar uwarsa.

Amma da wane harshe zai kai shi? Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. A ganinmu, ga wurin da za a gwada ko maganar ta wuce takarda. Muna da zufa, gumi, laima, ƙoda, jijiya, mahaifa. Abin da ya rage shi ne malaman SVT da likitoci da masana harshe su zauna su tsara darasi ɗaya kan zafi, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, wanda za a koyar a watan Fabrairu kafin bazara ta kama, gidajen rediyo su ɗauka su maimaita.

Jami'o'inmu kuma aiki yana jiransu. Akwai sashen koyon likitanci a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da André Salifou ta Damagaram, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kuma kowane ɗalibin likita sai ya rubuta kundin bincike kafin ya fita. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, masu nazarin yanayi na yankin Sahel da na Afirka baki ɗaya, a Yamai suke zaune. Hukumar ƙwadago ta duniya OIT ta ce a 2024 kusan kashi 93 cikin 100 na ma'aikatan Afirka suna aiki cikin zafin da ya wuce kima, fiye da kowace nahiya. Abin kunya ne a ce iyakar jikin ɗan Adam a Pensilbaniya ake auna ta, alhali masu wuni cikin digiri 44 suna ƙofar jami'a suna talla. Abin da aka yi a Gambiya da mata 92 bai fi ƙarfin ɗaliban Maraɗi ba, in an ba su kayan awo, ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma suka buɗe musu ƙofa.

Wasu garuruwa ba su jira ba. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutum sama da 1,300, ya kafa tsari a 2013 na sanar da jama'a kwanaki kafin zafi ya tsananta, da shirya asibitoci da wuraren shan ruwa. A can ne kuma ƙungiyar mata masu ƙananan sana'o'i ta SEWA ta fara wani inshora a 2023: mace ta zuba ɗan kuɗi kaɗan, in zafi ya wuce wani adadi kwanaki a jere a biya ta ba sai ta kai ƙara ba, kuma a 2024 dubban mata sun karɓa. Masu adashe za su gane wannan da sauri. Nan Afirka ta yamma, magajiyar garin Firitawun ta Saliyo ta naɗa Eugenia Kargbo jami'ar kula da zafi a 2021, ta farko a nahiyar, kuma cikin ayyukanta na farko akwai rufe kasuwanni uku da rufi mai mayar da hasken rana, inda mata sama da 2,000 suke sana'a.

Ƴan kasuwarmu suna biyan patanti, mata suna biyan kuɗin tikiti kowace ranar kasuwa. In shugabannin kasuwa sun zauna da ma'aikatar magajin gari kan kasafin shekara, suna da hujjar da za su aje bisa tebur: famfo ko randunan ruwa a kowane layi, makewayin mata da ake wankewa, farin fenti ko zana bisa rufin kwano, itatuwan bedi a bakin tasha, da yarjejeniya da masu manyan motoci cewa daga Afrilu zuwa Yuni saukar kaya da safe ne ko bayan la'asar. Kuɗin fentin rumfa guda bai kai kuɗin zama ɗaya na wankin ƙoda ba.